Zare Mai Ƙulli Uku

Shafi na 17

Masu turo min saƙo tun da sassafe wai na bar ku a rataye, na ji, na kuma karɓi laifina. Ke da kika ce in yau ban saki shafi ba, za ki fice daga rukuni, dawo ki zauna, kujerarki tana nan. Wannan shafin dai ba na karatun gudu ba ne, ku nemi wuri ku natsu.

*

Kwali uku Injiniya ta jera a kan teburin aikinta. Ta ture ƙarfen narka dalma gefe, ta kwashe ƙananan sukurori ta zuba a murfin kwalba, sannan ta buɗe kwalayen ɗaya bayan ɗaya.

"Ga su nan, Yaya. Babba, matsakaici, ƙarami. Madabod ɗaya ka ce in samo, na samo uku don kar gobe ka ce na yi maka zaɓen dole."

Yayan nata ya gyara zaman tabarau ya sunkuya a kansu. Shekara goma sha takwas ke nan yana koyar da labarin ƙasa a sakandare, don haka duk abin da ke da layi-layi kallon taswira yake yi masa. Madabod dai shi ne allon da ake dasa wa kwamfuta komai a kansa, ƙwaƙwalwarta da ma'ajinta da katin da ke fitar da hoto. Ranar da ka zaɓe shi, ranar ka yanke girman kwamfutar da iyakar inda za ta kai nan gaba. Shi ya sa Injiniya ba ta yarda a yi mata gaggawa a wannan gaɓar, ko da kuwa wanda suka sha nono ɗaya ne.

Kwamfutar kuwa ta Direba ce, 'yar Yaya ɗaya tilo, mai shekara goma sha uku. Alkawari ya yi mata cewa in ta ci jarrabawa za a haɗa mata tata ta wasa, ta kuwa ci. Sunan Direba a wasan mota ta samo shi, wanda mutum ɗaya ke tuƙi ɗaya na karanta masa hanya. Ita ke tuƙi, ubanta ne kwandasta. Mutumin da ko keke bai iya juyawa a lungu ba, amma in kun ji shi da yamma yana "dama, dama, rage wuta" sai ku rantse a tasha aka haife shi.

"Ƙaramin," in ji shi. Ko taɓa sauran bai yi ba.

"Ka tsaya mana in yi maka bayani."

"Na san bayaninki, ba ya da ƙarshe."

"To ka ji rabi."

Ta ɗaga babban da hannu biyu, ta riƙe shi ta gefe-gefe yadda ba za ta taɓa cikinsa ba.

"Ka ga nan? Gurbin ram huɗu, ma'ajin da ke sa kwamfuta sauri. Yau in sa mata biyu, in wasanni suka ƙara nauyi in ƙara biyu. Ga fili, iska ta shiga ta fita. Wannan sai ya kai ta jami'a bai yi tari ba."

"Uhm."

"Matsakaicin ma ba laifi. Ya ɗan rage tsawo, amma gurbin huɗun suna nan."

"Uhm."

"Shi kuwa wannan ɗan naka," ta ɗora ƙaramin a tafin hannunta, da kaɗan ya fi tafin, "gurbin ram biyu, na katin hoto ɗaya, shi ke nan an tashi kasuwa. Komai a cunkushe. In na haɗa shi sai na yi ta lissafin fanka don kar zafi ya dafa shi. Abin da ka sa masa yau da shi zai zauna, sai dai a cire a musanya, ba a yi masa ƙari."

"Amma yana aiki?"

"Yana aiki, har da gudu. Ni dai ban ga dalilin matse kai ba alhali ga wuri."

"Ƙaramin dai."

Ta ajiye allon ta dube shi. Yaya ba mutum ne mai kafiya ba. Ko shayi aka kawo masa ba sukari shanyewa yake ya yi godiya. Yau kuma ya kafe a kan abin da bai san kansa ba, ita kuwa irin wannan ba ya wuce ta.

Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro biro. A jikin murfin biron an naɗe farin zare, ya shiga warware shi a hankali.

Injiniya ta yi dariya. "Yau ma? Yaya, an fa ƙirƙiro tef."

"Tef yana ƙarya a kwana. Zare ba ya yi."

Haka yake tun da ya fara koyarwa. Da zare yake koya wa ɗalibai auna tsawon hanya a taswira, a bi lanƙwasar hanyar da shi, a ƙulla, a miƙe a kan ma'auni. Har abin ya bi jikinsa. Labule, katifa, ƙafar Direba in za a sayo takalmi, duk da zare yake zuwa.

Ya shimfiɗa shi a kan teburin. Ƙulli uku ne a jiki.

"Daga baki zuwa ƙullin farko, kauri. Zuwa na biyu, faɗi. Zuwa na uku, tsawo. Kwamfutar gaba ɗayanta kar ta wuce haka."

Ta ɗauko rula ta ƙarfe ta bi zaren ƙulli-ƙulli, tana rubutawa a bayan kwali. Ta gwada da matsakaicin allo, bai shiga ba, ya haura da kusan yatsa uku. Ƙaramin ne kaɗai zai zauna, shi ma sai an nemo masa gajeren katin hoto.

"To. A ina za ta zauna?"

"A ɗakinta mana."

"Ina a ɗakinta?"

"Kin fara ko."

"Ka san ƙa'idata. Ba na haɗa ƙaramar kwamfuta sai na san mazauninta. In bango ya toshe mata baya, wata uku ta fara haki. Ina a ɗakin?"

Ya sosa ƙeya. "Kan kantar bango."

"Kantar da ni na kafa da hannuna? Faɗinta ya ninka wannan."

"To kan tebur."

"Teburin da kwamfuta biyu za su zauna su miƙe ƙafa."

Ya ɗauki ƙaramin allon ya juya bayansa yana kallon ramukan da ake soka waya, kamar mai neman wani gari da ya ɓace masa.

"Wannan yana kama intanet da kansa? Ba sai an ja masa waya ba?"

"Yana kamawa. Ga inda ake ɗaura masa 'yan kunnuwan nan biyu. Amma gidanmu ai akwai waya har ɗakinta."

"Na sani. Tambaya ce kawai." Ya sake juya allon. "In aka girgiza shi fa? Katin hoton ba zai ɓalle ba?"

"Wa zai girgiza shi?"

"A ce dai an girgiza."

"Sai a cire katin a naɗe shi daban, in an sauka a mayar." Sai ta ji kalmar da ta fito daga bakinta: in an sauka. Ta ajiye rular a hankali.

Shi bai lura ba, idonsa na kan allon.

"In kuma wutar wurin ba irin tamu ba ce fa? Kin san wasu wuraren bakin soket ɗinsu daban."

Fankar sama tana ta juyawa. A waje mai gyaran babur na ta buga wani ƙarfe. Injiniya ta sake duban lambobin da ta rubuta a bayan kwali, kauri, faɗi, tsawo, sai ta gane su sarai. Ita ta je kasuwa bara ta zaɓo akwatin, kore mai taya huɗu, lokacin da makarantar su Direba za ta kai su yawon buɗe ido.

"Yaya."

"Na'am."

"Wannan ba awon kanta ba ne. Awon cikin akwatin Direba ne."

Hannunsa ya tsaya cak.

"Ka dube ni. Ina za a kai min yarinya?"

Ya ajiye allon a kwalinsa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Sannan ya jawo kujerar roba ya zauna.

"Wurin mamanta."

"Wurin mamanta ai mota ɗaya ce. Kowace Asabar tana can. Me ya kawo maganar soket?"

"An yi wa mijinta canjin wurin aiki. Ƙasar waje."

"Yaushe?"

"Saura sati uku."

"Sati uku." Ta maimaita a hankali. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. "Tun yaushe ka sani?"

"Wata biyu."

"Wata biyu muna cin abinci a faranti ɗaya, kana tambayata gishiri."

"Injiniya..."

"Kar ka ce min Injiniya. Ba kwastoma ne a gabana ba."

Ta juya masa baya ta shiga gyara wayoyin da ba su buƙatar gyara. Ranta ya ɓaci, ɓaci mai tsanani, kuma ba tafiyar kaɗai ce ta ƙona ta ba, ɓoyewar ce. Shekara bakwai ke nan da auren Yaya ya mutu, aka kawo mata yarinya 'yar shekara shida da kitso rabi a kai, tana rungume da takalmi ƙafa ɗaya. Ita ta ƙarasa kitson. Ita ta yi zaryar asibiti lokacin ƙyanda, ita ke sa hannu a katin sakamako, ita ta zauna da ita wata huɗu da suka wuce ta yi mata bayanin abin da uwa ke yi wa 'ya mace. Yau kuma a bayan kwali za ta tsinci labarin tafiyarta.

"Ka hana mana," ta ce, ba ta juyo ba. "Kai ne ubanta."

"Da bakina na yi alkawari."

"Wane alkawari?"

"Ranar da muka rabu. Ta yi kuka ta ce in bar mata ita, na ce ta bari ta yi wayo a hannuna, in ta kai sha uku ta koma wurinta. Ta yarda, ta kuma cika nata. Shekara bakwai ba ta taɓa ɗaga min murya a kan yarinyar nan ba. Ko sau ɗaya ba ta riƙe ta ta wuce Lahadi ba."

"Lokacin ai ba ka san za a haye teku da ita ba."

"Ban sani ba. Amma ban ce sai in tana kusa ba. Sha uku na ce."

"Sai ka ce mata abubuwa sun canja."

"Ita ma uwa ce, auta. Abin da kike ji yanzu, shi ta ji shekara bakwai, ta haɗiye."

Wannan ta shige ta. Ta san gaskiya ya faɗa. Maman Direba ba muguwa ba ce. Kafin auren ya lalace ma ƙawarta ce, ita ta fara ba ta tsohuwar kwamfuta ta ce ta kwance ta gani, daga nan sana'ar ta samo asali.

Ta juyo ta zauna a kan tebur, abin da take hana kowa yi.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Na san in na gaya miki ya tabbata." Ya murza zaren a tsakanin yatsunsa. "Na yi ta cewa gobe. Ran nan bayan an tashi aji na ɗauko littafin taswira na ce bari in auna. Na ɗora zare daga nan, ina bi, ina bi, sai shafi ya ƙare. Sai da na juya shafi na ci gaba."

Injiniya ta kawar da kai. Idonta ya ciko, ba ta kuma so ya gani.

"Ita Direban ta sani?"

"A'a. Mun yi da mamanta sai an gama haɗa kwamfutar, mu zaunar da ita tare mu gaya mata. Don ta ga ba hannu wofi za ta tafi ba."

"Kwamfuta ce za ta maye mata gida?"

"Ba gida ba." Mutumin da ke tsayawa gaban ɗalibai sittin ya yi awa guda bai yi tuntuɓe ba, yau harshe ya yi masa nauyi. "Kin san ni ban iya hira da ita ba. In na kira ta a waya, lafiya lau Baba, lafiya lau Baba, lafiya lau Baba, shi ke nan mun gama. Amma in tana tuƙi ina karanta mata hanya, idonta na kan titi ba a kaina ba, nan take magana. Tsakanin dama da hagu ta gaya min wadda ta yi mata dariya a aji. A kan wata gada ta gaya min tana tsoron lissafi. Duk abin da na sani game da 'yata, a motar nan na ji shi."

Ya nuna ƙaramin allon da haɓa.

"In ta tafi da wannan, ni ina da tsohuwar ta falo. Da yamma in hau, ta hau. Motar dai kar ta tsaya. Shi kaɗai nake nema."

Injiniya ta daɗe tana kallonsa. Fushin bai tafi ba, amma tausayi ya zo ya zauna a kansa. Ta sauko daga teburin, ta jawo kwalin gabanta, muryarta ta koma ta aiki, don nan ne kaɗai ta san ba za ta yi rawa ba.

"To ka saurara, kar ka ce ban faɗa ba. Nisa yana da nauyi. Za ka ce hagu, kafin muryarka ta isa kunnenta ta wuce kwanar."

"Sai in riƙa faɗa da wuri."

"Lokacinku ma ba zai zama ɗaya ba. Yammarta wataƙila kana aji."

"Na duba. Awa uku ne tsakani. In na taso daga makaranta ban tsaya ko'ina ba, zan same ta kafin ta ci abinci."

Ashe har wannan ya lissafa.

"Wuta ba matsala, akwai tukunyar wuta mai karɓar kowace iri, bakin waya kawai za a canja. Ram zan cika mata gurbin biyun tun yanzu, don can babu wanda zai buɗe mata. Fanka kuma mai gajeren wuya zan sa, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Sannan sai na koya mata cire katin hoto da mayarwa, ta yi sau goma a gabana."

"Za ki yi?"

"Na ce ba zan yi ba?"

"Allah ya yi miki albarka, auta."

"Ka riƙe albarkarka tukuna, ban huce ba."

Ya yi ɗan murmushi, na farko tun shigowarsa. Ya fara naɗe zaren a murfin biro.

Sai ga sallama a bakin ƙofa, da sauri-sauri, irin ta wanda ya yi gudu.

Direba ce, da kayan makaranta, jaka a kafaɗa ɗaya, safa ɗaya ta zame. Ta gaida Baba, ta gaida Gwaggo, tana haki. Yaya ya yi wuf zai tura biron aljihu, zaren ya maƙale a maɓallin rigarsa ya yi ta lilo a fili.

"Yau kin yi sauri," in ji Injiniya. "Motar makaranta ta fara tashi sama ne?"

Yarinyar ba ta yi dariya ba. Idonta ya bi kwalayen uku, ya sauka a kan zaren, ya dawo kan ƙaramin allon da ke gaban gwaggonta.

"Wannan aka zaɓa?"

"Muna dai dubawa," in ji Yaya. "Kin ga ɗan ƙarami mai kyau, ba zai cinye miki tebur ba."

"Gwaggo, ki sa babban."

"Babban? Ke da kullum kike cewa kina son 'yar ƙarama mai fitila?"

"Na fasa. Babban nake so. Wanda ya fi kowanne girma, da gidansa mai nauyi wanda sai mutum biyu sun ɗaga."

Yaya ya dubi Injiniya, Injiniya ta dubi Yaya.

"Mamana," ya ce a hankali, sunan da yake kiranta in zai lallashe ta, "me ya sa?"

"Don kar ta shiga akwati."

Har mai gyaran babur kamar ya san abin da ake ciki, ya daina bugu.

"Wa ya gaya miki?"

"Ba wanda ya gaya min. Ka bar guntun zare a zif ɗin akwatina, Baba. Kuma na ji su Mama suna magana ranar Asabar ɗin da ta wuce waccan, sun ɗauka na yi barcin rana."

Ta sauke jakar ta riƙe a ƙirji. Ba kuka take ba, kuma rashin kukan ya fi tayar wa Injiniya hankali. Kusan sati biyu ke nan yarinyar nan tana hawa mota da ubanta kowace yamma, yana ce mata dama tana yin dama, ba ta ce uffan ba.

"Zo nan," in ji Yaya. "Zo ki ji. Ai don ke nake yi. In kin tafi da ita, kullum muna tare. Ba abin da zai canja."

"Shi ne ai."

"Shi ne me?"

"Haka mijin Mama ya ce. Mama ta ce masa duk dogon hutu sai an kawo ni gida. Ya ce tafiyar da nisa, hutun kuma ba yawa, kuma tunda Babanta zai haɗa mata kwamfutar da za su riƙa haɗuwa kullum, ai ba ta rabu da shi ba. Zuwa gida a bari sai ta gama sakandare." Ta gyara riƙon jakar. "Ba da faɗa ya faɗa ba. Daga baya Mama ta ce to, in dai kullum za su haɗu."

Injiniya ta ƙirga a ranta. Sai ta gama sakandare, shekara biyar ke nan. Za a ɗauke mata yarinya mai zamammiyar safa, a dawo mata da budurwar da sai an gabatar da su.

Yaya ya dubi zaren da ke lilo a rigarsa. Wata biyu yana auna akwati, yana lissafin awa uku, ashe da hannunsa yake rufe ƙofar dawowarta. Fuskarsa ta nuna ya gane, kuma ganewar ta yi masa ciwo.

"In babba ce, a nan za ta zauna," in ji Direba. "A ɗakina. Dole a kawo ni in gan ta."

"To tsakanin hutu da hutu fa? Wata goma, Mamana. Wata goma ba mota, ba komai, sai lafiya lau Baba a waya."

"Zan jure."

"Ni ba zan jure ba."

Bai yi niyyar faɗa ba, fita ta yi. Yarinyar ta dube shi.

"Ni ba muryarka kawai nake so ba, Baba. Ina son in zo in ga ka sa tabarau a goshi kana nemansa. Ina son Gwaggo ta yi min kitso tana min faɗa."

Injiniya ta sunkuyar da kai kan teburin. Ga babba da ƙarami a gabanta, ta san kowane rami da ke jikinsu, ta san wanda zai yi zafi da wanda zai daɗe, amma ba ta san wanne ne daidai ba. In ta ɗauki ƙarami, uban ya samu yammarsa, ita da gidan su rasa yarinyar shekara biyar. In ta ɗauki babba, a samu hutu, shi kuma ya yi wata goma yana zaune gaban tsohuwar kwamfuta da taswira ba direba. Duk inda ta juya akwai wanda za ta karya a cikin mutum biyun da ta fi so a duniya.

"Bari mu zauna da mamanki," ta ce. "A yi magana a fahimci juna. Ba yau za a yanke ba."

Direba ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jaka.

"Gwaggo, akwai abin da na yi."

"Me kika yi?"

"Mama ce ta ɗauko ni daga makaranta yau. A mota na gaya mata na sani. Sai na ce mata..."

"Kika ce mata me?"

"Na ce kin ce irin kwamfutar wasan nan ba a yin ta ƙarama. Wai duk yadda aka yi ba za ta shiga akwati ba."

"Ni na ce?"

"Ki yi haƙuri."

"Kin sa min magana a baki, Direba."

"Ta ce Baba ya ce mata ana yi. Na ce Baba bai san kwamfuta ba. Ta ce haka ne, bari ta ji daga bakinki. In ba a yi, za ta koma ta gaya wa mijinta dole a riƙa kawo ni." Ta ɗago ido, yanzu kam hawayen sun zubo. "Tana waje tana neman inda za ta ajiye mota. Ni na riga ta da gudu."

Yaya ya miƙe tsaye, ya rasa inda zai sa hannunsa. Injiniya ta ji ƙarar rufe ƙofar mota, sannan takun takalmi a kan simintin baranda, takun da ta sani tun tana 'yar sakandare.

Kafin kowa ya motsa, Direba ta ɗaga jakar makarantarta ta ɗora a kan ƙaramin kwalin, ta rufe shi ruf. Ta dubi ubanta. Ya dubi jakar, ya daɗe yana dubanta, bai ce a ɗauke ba.

"Salamu alaikum."

Maman Direba ta shigo tana gyara mayafi, idonta ja, da gani ita ma ta yi kuka a mota. Ta gaida Yaya a mutunce, ya amsa yana kallon ƙasa. Sannan ta zo har gaban teburin ta tsaya, ta dafa shi da hannu ɗaya, yatsunta dab da igiyar jakar.

"Ƙanwata, ba zama na zo yi ba. Uban ya faɗi tasa, 'yar ta faɗi tata, kaina ya kulle. Ke ce ba ki taɓa yi min ƙarya ba, ko lokacin da gaskiyar ba ta yi wa gidanku daɗi ba. Abin da kika faɗa da shi zan koma gida."

Ta dubi babban allo, ta dubi matsakaici, ta ɗago ta dubi Injiniya ido cikin ido.

"Tsakaninki da Allah, akwai wanda zai shiga akwatin yarinyar nan, ko babu?"